Wai Turawa Sun Sace Mana Kiɗa? To Namu a Ina Muka Ajiye Shi?

Jama'a, akwai wata magana da ta ishe ni a Facebook ɗin nan. Da zarar wani ya ɗora bidiyon Turawa suna kiɗa mai kama da namu, kafin ka ƙifta ido an yi caa a ƙasa: ɓarayi ne, sun gama da ma'adinai sun dawo kan kiɗa. Kowa ya ja tsaki ya wuce, ya koma ya kunna nanayen da yaro ɗaya ya haɗa da fiyano a cikin shago. To yau da masu wannan magana nake, wanda zai ji haushi ya ji.

Mu ɗauki misalin da ya fi kowanne fitowa fili, wato ƙungiyar Talking Heads ta Amurka. A 1975 aka kafa ta a New York. Uku daga cikinsu, David Byrne da Chris Frantz da Tina Weymouth, a makarantar koyon zane suka san juna, Jerry Harrison ya shigo a 1977. Sun taso ne a wani ɗan kulob mai suna CBGB, lokacin da ake yayin kiɗan pank, na samari 'yan bore masu dukan jita da ihu. Su sai suka bi sabon yayin da ya biyo baya: aka rage hayaniya, aka shiga gwaje-gwaje. Amma kiɗansu na farko a bushe yake, babu inda mutum zai saki jiki ya taka.

Sai wani Bature ɗan Ingila mai haɗa sauti, Brian Eno, ya kunna wa Byrne faifan Fela mai suna Afrodisiac na 1973. Daga nan labari ya sha bamban. A 1980 suka tafi Bahamas suka shige situdiyo, ba su je da rubutacciyar waƙa ko ɗaya ba. Sai su yi ta kiɗa ana naɗa, su saurara, su tsinci ɗan guntun da ya yi daɗi, kowa ya riƙe nasa ya yi ta maimaitawa da hannu. Waƙar Bature ta saba hawa da sauka, a canza murya a dawo. Su kuwa suka tsaya wuri guda, mai ganga da nasa, mai babbar jita da nata, kowa ya cike gurbin da ɗan'uwansa ya bari, mai waƙa ya jefa, 'yan amshi su cafe. A watan Oktoba na shekarar faifan Remain in Light ya fito.

Don Allah mutumin Yashe sai an zaunar da shi an yi masa bayanin wannan? Ai shi ne kalangu. Babba yana magana a hammata ana matsa tsarkiya ana saki, ɗan karɓi yana karɓa, kurkutu yana riƙe da ƙasa, amshi ɗaya a yi ta juya shi minti ashirin ba wanda ya gaji. Abin da suka haye teku suna nema, mu a ƙofar gida muka tashi muka gan shi.

To sun ɓoye inda suka samo? Ko kaɗan. Sunan Fela a bakinsu yake duk hirar da aka yi da su. Byrne har jerin littattafai ya haɗa wa 'yan jarida, ciki da na John Miller Chernoff na 1979, mutumin da ya zauna a Tamale ta Gana yana koyo a hannun makaɗan Dagomba masu lunga, wadda ƙanwar kalangu ce in ka gan ta. Wane irin ɓarawo ne zai ba ka kwatancen gidan da ya shiga, har ya ce ka je ka gaida mai gidan?

Kada wani ya ce ina wanke su tas. Kuɗin da suka samu ba a raba shi da Legas ba, wannan gaskiya ne. Kuma a 1981 Byrne da Eno sun fitar da wani faifan, My Life in the Bush of Ghosts, sunan ma daga littafin Amos Tutuola ɗan Najeriya suka ɗauko, suka ɗora karatun Alƙur'ani a kan kiɗa. Wannan rashin ladabi ne, babu wani kwana-kwana. Amma ku lura da yadda aka yi: wata majalisar Musulmi a Ingila ta kai koke, aka cire shi daga bugun da ya biyo baya. Mutane ne suka san abin da aka taɓa musu, suka bi kadi. Tsaki a ƙasan bidiyo bai taɓa cire komai ba.

Yanzu ku zo mu ga yadda suka riƙe nasu. Ƙungiyar ta watse tun 1991. Duk da haka fim ɗin wasansu na 1984, Stop Making Sense, an wanke shi an gyara sauti an sake kai shi silima a 2023. A 2017 babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya sa Remain in Light cikin faya-fayan da ƙasa za ta adana. Kowace waƙa an san shekararta, da situdiyon, da wanda ya buga kowane abu. A 2018 kuma Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ta ɗauki faifan ɗungurungum ta sake rera shi, har da Tony Allen mai gangar Fela a ciki. Ba ta zauna kukan sata ba, ta bi kayan ta dawo da su gida.

Mu fa? Daga Yashe zuwa Musawa ba wata tafiya ba ce. Can aka haifi Alhaji Mamman Shata, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999. Fiye da shekara 25 ke nan. Je ka wurin masu tura waƙa a waya, a Kankia ko Kusada ko ina ma, ka ce a zuba maka Shata. Za a ba ka "Shata 1", "Shata 2", har inda memori ya cika. Wata ba farko, wata an yanke ƙarshe, wata an liƙa mata tallar mai shago a tsakiya. Wace shekara aka yi ta? Oho. A ina? Oho. Wa ke riƙe da kalangu, su wa ke amshi? Sai a dube ka kamar ka yi saɓo. Allah ya saka wa Ibrahim Sheme da abokan aikinsa da suka fitar da Shata Ikon Allah a 2006, da 'yan tsirarun masana da masu tara kaset da ke wahala da aljihunsu. In ka cire su, me ya rage? Haka Barmani Choge ta tafi a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015. Wa ya gaji kuntigin nan?

Kuma mun san dalili, kunya ce ke hana mu faɗa. Muna son kiɗan, mun raina mai yin sa. Maroƙi ne, ba a ba shi 'ya. Ɗan makaɗi in ya yi boko ɓoye sana'ar ubansa yake yi. Ranar biki a ɗauko dije da lasifika, mai kalangun gari yana rakuɓe a gefe ana miƙa masa canji don ya tafi. Masu kuɗin da za su iya ɗaukar nauyin adana tarihin nan, waƙar zaɓe kawai suke biya. Sai ranar da Bature ya yaba, mu tuna namu ne.

Na san wani zai ce Malam ai kiɗa haramun ne, gara ya mutu. Wannan zance na malamai ne, kuma wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya don tsoron Allah ina girmama shi, ba da shi nake ba. Da kai nake, wanda wayarka ke cike da waƙoƙin fim, ka zo kana kishin kayan da ko sunansu ba ka sani ba.

Ga Mdou Moctar nan na Nijar, Buzu, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke saboda gidansu ba sa so. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙanmu ke amfani da ita. A memori waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya ji, ya yi cigiyarsa ya same shi, ya sa waƙarsa a faifai a 2011. Yau kamfanin Matador na New York ke fitar da aikinsa, Afrique Victime a 2021, Funeral for Justice a 2024, yana caccakar Faransa da jita a gaban Turawan kansu. A Sakkwato fa aka fara! Ya shigo garinmu ya fita ba mu ko ɗaga kai ba. Shi ma gobe ku ce sace shi aka yi.

Har yanzu akwai tsofaffin makaɗa da rai a ƙauyukan Kusada da Kankia da Musawa da Matazu. Akwai kaset a ƙasan adakar iyayenmu, zafi da ƙura na cin su. Wayar da kake zagin Bature da ita tana naɗar murya, tana ɗaukar bidiyo. Ka je ka zauna da tsohon, ka tambaye shi wa ya koya masa, taken wa yake kaɗawa, ka rubuta rana da gari, ka ba shi na goro mai kauri.

Kafin nan, duk mai cewa an yi mana sata, ya rubuto mini sunayen makaɗan Shata uku a ƙasa, ba tare da ya leƙa Google ba. Ina nan ina jira.