A daina raina garau-garau da ɗanwake

Edita,

Ka ba ni ɗan fili a jaridarmu mai farin jini in yi tsokaci kan abincin rana a birnin Kano.

Matasan ma'aikata yanzu da an idar da azahar sai su nufi manyan kantuna, su sayo soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza a roba, kafin la'asar yunwa ta dawo. Haba jama'a! Ina aka baro garau-garau? Shinkafa da wake, man gyaɗa da yaji, a yanka albasa. Ɗan dako ya ci faranti guda sai ya kai magariba yana aiki. Ɗanwake ma haka, muddin kuka da kanwa sun ji, ba a cika masa garin rogo ba. Ni dai a wurina babu kamar gurasar Jakara in an yi bandashe, ƙuli-ƙuli ya wadata, mai ya ratsa ta.

Amma masu abincin ma suna da laifi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kaya suka yi tsada, wasu suka koma suya da man da ya yi baƙi ƙirin. Ga abinci a buɗe bakin kwata, ga ruwan wanke kwano ɗaya tun safe. Wannan ke korar masu saye, kuma hanyar kwalara ce.

Ina kira ga duba-gari su riƙa zagaya Fagge da Sabon Gari da Kantin Kwari da tsakar rana, lokacin da ake cinikin.

Mai karanta ku kullum,
Fagge, Kano.