SHIN ANA MAGANIN MAYE DA ABIN MAYE?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, dalilin wannan rubutu wata tambaya ce da wani dattijo maƙwabcinmu a nan Soron Ɗinki ya tare ni da ita a zaurensa bayan sallar lisha. Yana da ɗa saurayi mai ciwon amosanin jini, wanda tun yana yaro in ciwon ya motsa akan yi masa allurar fentazosin don ya sami sa'ida. Da ya girma sai ya koyi yi wa kansa, daga nan ya zama ko ciwo ya tashi ko bai tashi ba sai ya yi. Ya haɗu da abokai masu irin halinsa, sirinji ɗaya ya riƙa zagaya su, har aka gwada jininsa aka sami ƙwayar cutar ƙanjamau. Sau biyu ana kai shi gidan mari, sau biyu yana dawowa ya koma ruwa, maganin ƙanjamau kuwa yau ya sha gobe ya manta.

Dattijon ya ce mini, "Ustazu, wani jikana ya ce wai a ƙasar Turai asibiti ne da kansa yake ba irin waɗannan yara abin da suke tsira wa jikinsu. Da gaske ne? In da gaske ne, addini ya yarda?" Nan take na ce, "Baba, wannan ai haramun ne." Ya yi shiru, muka yi sallama. Amma da na koma gida zuciyata ba ta natsu ba, domin na yanke hukunci a kan abin da ban san siffarsa ba, alhali malamanmu sun karantar da mu cewa sanin haƙiƙanin abu shi yake gabatar hukunta shi.

Abin da jikan nan ya faɗa gaskiya ne. Hiroyin daga ɗanyen ofiyom ake sarrafa ta, kuma abin mamaki, kamfanin Bayer na Jamus ya fara sayar da ita a 1898 a matsayin maganin tari. Mu da muka ga ɓarnar kodin a Kano har gwamnati ta hana yin ruwan tarin da ke ɗauke da shi a watan Mayun 2018, wannan ba baƙon labari ba ne gare mu. A ƙarshen shekarun 1980 wani lambu a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan ya zama matattarar masu allurar hiroyin, ƙanjamau tana bin su ta sirinji. Hukuma ta rufe lambun a 1992, suka koma wani wurin. Da kora ta kasa, sai a 1994 aka fara gwada wata hanya: a buɗe ɗakin magani, wanda ya shekara biyu aƙalla cikin wannan bala'i, aka kuma gwada masa wasu magunguna sau biyu ba su yi ba, ya riƙa zuwa sau biyu ko uku a yini, a ba shi hiroyin mai tsabta gwargwadon awon likita, ya yi allurar a gaban ma'aikaciyar jinya, ba ya fita da ko ɗigo. A nan ake duba lafiyarsa, a nan mai ƙanjamau yake karɓar maganinsa. A 2008 mutanen ƙasar suka jefa ƙuri'a, kimanin kashi 68 cikin 100 suka yarda a dawwamar da tsarin. Holan da Jamus da Denmak suka bi sahu. A wani gwaji da aka yi a Kanada aka buga sakamakonsa a 2009, bayan shekara guda kashi 88 cikin 100 na waɗanda aka ba hiroyin suna nan a hannun likita, alhali na waɗanda aka ba metadon kashi 54 ne suka rage. A lura fa, dukkansu mutane ne da magani ya riga ya gagara a kansu a baya.

To, mene ne matsayin shari'a? Babu Musulmin da yake shakkar haramcin abin da ke gusar da hankali, kuma hadisin Ɗariƙu ɗan Suwaidu a cikin Sahihu Muslim sananne ne, inda Manzon Allah (S.A.W.) ya hana shi yin magani da giya, ya bayyana masa cewa ita kanta cuta ce. Da wannan na dogara a zauren dattijo. Sai dai da na koma ga littattafai na tarar magabata sun riga mu ganin wannan mas'ala da idonsu, domin ofiyom ya addabi ƙasashen Musulmi tun ƙarnoni da suka wuce. Imamu Ƙarafi a cikin Al-Furuƙ ya rarrabe tsakanin abin da ke sa maye da nishaɗi irin na giya, da abin da ke ɓata hankali, da abin da ke sumar da mutum, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne wajen najasa da haddi da amfani da ɗan kaɗan don magani. A kan wannan ne ba wanda ya ce haramun ne a sumar da majinyaci kafin tiyata.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Malam Haɗɗabi, Bamalike, wanda ya rasu a shekara ta 954 bayan hijira. A cikin Mawahibul Jalil, sharhinsa ga Mukhtasar da ake karantawa a zaurukan birnin nan, ya yi magana kan wanda aka jarrabe shi da cin ofiyom har yana tsoron mutuwa in ya bari. Ya rinjayar da cewa ya halatta ya ci gwargwadon da ba zai taɓa hankalinsa ba, tare da ƙoƙarin ragewa da yankewa iyakar iyawarsa. Ibnu Hajar Alhaitami, Bashafi'e, ya ba da fatawa makamanciyar wannan, ya wajabta ragewa sannu a hankali, Ibnu Abidin na mazhabar Hanafiyya kuma ya naƙalto ta a hashiyarsa. Mazhabobi uku ke nan. Ashe ƙofar da na rufe da kalma ɗaya, manyan malamai sun bar ta a buɗe da sharuɗɗa.

Wani zai ce: ai sun sharɗanta tsoron mutuwa, likitoci kuwa sun ce barin irin waɗannan ƙwayoyi, duk da azabar amai da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, ba kasafai yake kisa ba. Wannan gaskiya ce, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Amma mutuwar tana nan, ta wata ƙofa take shigowa. Wanda aka tsare wata uku aka raba shi da allura da ƙarfi, jikinsa ya manta da yawan da ya saba. Ranar da ya fito ya yi irin awon da yake yi a da, numfashinsa sai ya tsaya. Ga kuma sirinjin haɗaka mai ɗauke da ƙanjamau da ciwon hanta. Ga mai ƙanjamau da ba ya shan magani a kan kari, domin wanda ya wayi gari jikinsa yana rawa ba ya tuna wata ƙwaya sai wadda za ta kwantar masa da rawar. In ya yi wasa da maganin, cutar ta ƙarfafa a jininsa, ya kai ta ga matarsa, ita kuma tana iya kai ta ga abin da ke cikinta. Wace laifi matar ta yi? Larurar a nan ba ta mutum ɗaya ba ce.

Duk da haka, ya 'yan'uwa, ba ina kira a kawo allurar hiroyin Kano ba ne, kuma zuciyata ba ta gama kwanciya da ita ba. Sharaɗin malamanmu shi ne a nufi ragewa da rabuwa, alhali wasu majinyatan can sukan shekara da shekaru a kanta. Sannan su kansu masu tsarin ba su ɗauke shi matakin farko ba, na ƙarshe ne ga 'yan tsiraru waɗanda komai ya gagara. Yana bukatar ma'aikata kullum har ranar hutu, da tsaron da ba ya yoyo. Mu kuwa da fentazosin ta fita daga ma'ajiyar magani ta shiga lungu, wa zai lamunce mana hiroyin ba za ta bi ta ba? Ko a Ingila, ɗakin da aka buɗe a garin Midilsburo a 2019 an rufe shi a 2022 saboda rashin kuɗi.

Abin da nake tsoro shi ne kada ƙyamar wannan mataki na ƙarshe ta sa mu toshe matakan farko, waɗanda su ne bukatarmu. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnatin Nijeriya a 2018 ya ƙiyasta masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan miliyan 14.3, kimanin 80,000 daga cikinsu masu allura ne, Jihar Kano kuma tana da kashi 16 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64. Wani binciken na 2020 ya sami ƙanjamau a jinin kusan kashi 11 cikin 100 na masu allura, alhali a sauran jama'a ba ta kai kashi 2 ba. Maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin muhimman magunguna tun 2005 domin irin waɗannan mutane shi ne metadon da bufrenofin. Metadon sha ake yi sau ɗaya a yini, babu allura, kuma in likita ya daidaita awonsa ba ya bugar da wanda jikinsa ya saba: ya yi sallarsa cikin hayyacinsa, ya tafi kasuwa, ya haɗiye maganin ƙanjamau tare da shi. Ashe wannan ba ita ce siffar da Haɗɗabi ya zayyana ba?

Kuma ba Turawa kaɗai suka karɓe shi ba. Malesiya ta fara a 2005, har a 2010 aka riƙa bayar da shi a harabar masallacin Ar-Rahman da ke Kwalalumfur, majinyaci ya sha magani ya zauna karatu. Tanzaniya ta fara a 2011, Sanagal ta buɗe cibiyarta a Dakar a 2014. Mu kuwa abin da muka fi sani shi ne mari da bulala, har sai da 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumbar 2019, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan gidaje ba mugunta ta kai su ba, rasa wata ƙofar suka yi. Laifin yana wuyan hukuma da ba ta gina ba, da wuyanmu masu hawa mumbari da muka iya tsinuwa muka kasa nuna hanya, alhali a cikin Bukhari Manzon Allah (S.A.W.) ya hana a la'anci wani sahabi da aka sha kawowa saboda giya, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa.

Saboda haka ina kira ga malamanmu su zauna da likitocin ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano da na Dawanau, su ji siffar waɗannan magunguna daga bakin masu su kafin su yi fatawa, kada su yi gaggawar da na yi. Hukumar Hisba da NDLEA su riƙa rarrabe dillali da majinyaci. Gwamnatin jiha kuma ta sa kuɗinta, domin yadda Amurka ta dakatar da tallafin lafiya a farkon 2025 ya nuna mana cewa mai kwana da tabarmar aro bai san ranar da za a naɗe ta ba.

Na koma wurin dattijon na janye maganata ta farko, na karanta masa abin da Haɗɗabi ya rubuta. Na ce masa, "Baba, allurar Turai ba ta nan, kuma ba ita ɗanka yake bukata ba tukuna. Kada a sake kai shi mari. A kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, a gaya wa masu ba shi maganin ƙanjamau gaskiyar halin da yake ciki, maganin kuma ya dawo hannun mahaifiyarsa ta riƙa ba shi da kanta." Ya ce yaron ba zai yarda ya bi shi ba, don yana zaton dabara ce ta mayar da shi sarƙa. Mun yi da shi ranar Litinin ni zan raka shi.

Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.