Kalma Ba Ta Biyan Kwastan

Kalmar "shebeen" da ta shahara a Afirka ta Kudu baƙuwa ce. Asalinta "síbín" ne a harshen mutanen Ailan, watau barasar da aka dafa a ɓoye. Daga nan ta zama sunan gidan da ake sayar da giya ba lasisi. A Afirka ta Kudu mata ne suka riƙe irin waɗannan gidaje, har mahaifiyar mawaƙiya Miriam Makeba ta yi wata 6 a kurkuku a 1932, da jaririyar tata, saboda dafa giya.

Ita Hausa "mashaya" take cewa, ba ta bambanta mai lasisi da ta ɓoye. Amma abin da aka hana, sakaya sunansa ake yi, balle bayan kafa Shari'a a Jihar Sakkwato a 2000. Garin kan iyaka irin Tozai, kusa da Illela da Birnin Ƙonni, inda wani ke cewa "kwastan" wani "duwan", nan ya kamata ɗalibi ya kasa kunne. Sa kalma a ƙamus ba yarda da aikin ba ne. Wadda kunya ta hana a rubuta kuwa, tarihinta ya salwanta.