Garantin Mota: Wa Ke Biyan Kuɗin Hannun Bakanike?

A makon nan ina son mu duba wata takarda da kan biyo sabuwar mota, ko a-daidaita-sahu, ko babur, ko tarakta, wadda akasarinmu kan jefa ta a aljihun mota mu manta da ita: takardar garanti. Kamfani ya yi alkawari a cikinta cewa idan wani abu ya lalace saboda kuskuren ƙira cikin wani wa'adi, galibi shekara kaza ko kilomita kaza, za a gyara maka kyauta. Kyautar a wajen mai mota take, domin akwai mutumin da zai kwanta a ƙarƙashin motar nan, baƙin mai na ɗiga masa a fuska, kuma dole wani ya biya shi. Wanda ke biyan, da nawa yake biya, shi ne ke yanke hukuncin ko alkawarin zai cika ko a'a.

Mutum uku ne a cikin wannan ciniki: kamfanin da ya ƙera, dilan da ya sayar kuma yake da garejin gyara, sai bakanike. Idan motar garanti ta shigo, dila zai gyara, ya cike takardu, ya aika wa kamfani don a mayar masa da kuɗinsa. Shi kuwa kamfani, lissafinsa ƙafa biyu gare shi. Akwai farashin awa guda ta aiki, akwai kuma littafin da ya rubuta da kansa wanda ya ƙayyade awa nawa kowane aiki zai ci. A ce littafin ya ce canza kuloci awa uku ne. Ko ka kwana kana fama da noti ɗaya da ya ƙi kwancewa, awa ukun za a biya. A Hausance dai jinga ce, sai dai jinga ce wadda mai gona shi kaɗai ya auna gonar, shi kaɗai ya yanka kuɗin.

Abin da ya fi ci wa kanikawa tuwo a ƙwarya shi ne lokacin lalube. Motar zamani tana iya kunna fitilar gargaɗi, a kwashe rabin yini da na'ura ana bin waya ɗaya bayan ɗaya kafin a gano ɗan abin da ya ƙone, sannan a canza shi cikin minti goma. Littafi ya san minti goman, amma sau da yawa ba ya lissafa rabin yinin yadda ya kamata. Ƙari a kan haka, kayan gyaran da dila zai ci riba a kansu idan mai kuɗin hannu ne ya zo, a aikin garanti ribar kan ragu ƙwarai, kuma kuskure kaɗan a takarda na iya sa kamfani ya ƙi biya ko ya karɓe abin da ya riga ya biya. Sakamakon haka ba ya buƙatar dogon tunani. Mai gareji yana da mota biyu a gabansa, ɗaya za a biya shi lakadan yau, ɗaya sai bayan makonni kuma da ragi. Wacce zai fara taɓawa? Shi ya sa motar garanti kan yi ƙura a lungun gareji ana ce wa mai ita kaya ba su iso ba.

A Amurka an daɗe ana wannan taƙaddama, har ta kai yawancin jihohi sun yi dokar da ta tilasta wa kamfani ya biya dila daidai da abin da yake cajin sauran abokan cinikinsa. Hanyar tabbatarwa ita ce ta burge ni. A jihohi da dama, dila zai tattaro takardun gyara guda 100 a jere, ko na kwana 90, waɗanda mutane suka biya daga aljihunsu, a fitar da matsakaicin kuɗin awa, a miƙa wa kamfani. Idan kamfani yana da ja, sai ya kawo hujja cikin wa'adin da doka ta ba shi. A shekarar 2017 kanikawan dilolin mota na yankin Chicago, kusan mutum 2,000, sun yi yajin aiki na kimanin mako bakwai, kuma batun awannin jinga na cikin ƙorafe-ƙorafensu. Daga baya jihar Illinois ta yi dokar da ta fara aiki a farkon 2022, wadda ta taɓo ƙafa ta biyu ta lissafin: ta hana kamfani dogara da littafinsa kaɗai, ta ce a yi amfani da ma'aunin da dila ke amfani da shi ga kowa, idan babu, a ninka awannin kamfani sau ɗaya da rabi. Kamfanin Volkswagen bai ji daɗin haka ba, har ya garzaya kotu.

Na san wani zai ce me ya haɗa Daura da Chicago, alhali akasarin motocin da ke bin hanyar Kwangwalam ko ta Kazaure 'yan Kwatano ne, waɗanda garantinsu ya ƙare tun kafin su hau jirgin ruwa. Gaskiya ne. Amma a duba abin da ake saye sabo fil a ƙasar Daura: motocin asibiti, motocin ƙananan hukumomin Daura da Baure da Mai'aduwa da Sandamu da Zango, bas-bas na makarantu, taraktocin noma, ga a-daidaita-sahu da baburan da matasa ke karɓa bashi suna biya a kowane mako. Yawancinsu kuɗin jama'a ne ko gumin talaka. Idan motar asibiti mai garanti ta tsaya, zaɓi biyu ne: a ja ta zuwa Kano ko Kaduna ko Abuja inda garejin dila yake, ta yi makonni, ko a kira bakaniken gari ya taɓa ta, garanti ya tashi. Na biyun ake yi, domin mara lafiya ba zai jira ba. Ke nan an biya kuɗin garanti a cikin farashin mota, ba a ci moriyarsa ba.

Ba kuma baƙon abu ba ne a wajenmu. Dattawa sun tuna zamanin da kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Fijo a 1975, lokacin da ake da Fiat a Kano da Steyr a Bauchi, sabuwar mota tana zuwa da littafin sabis, akwai diloli da kanikawan da kamfani ya horar. Rushewar wannan tsari ce ta bar mu da Ƙofar Ruwa da sa'a. Yanzu da ake ƙoƙarin farfaɗo da haɗa motoci, kamar yadda DPAN ya fara a Kaduna a 2022 da kuma Innoson a Nnewi, lokaci ne da ya dace a tsara wannan ɓangare tun kafin ya karkace.

Dokar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka samu da aibi domin a gyara, ko a canza, ko a mayar masa da kuɗinsa. Sai dai ba ta yanka kuɗin hannun wanda zai yi gyaran ba. Wannan an bar shi ga yarjejeniyar da ke tsakanin kamfani da dila. A irin wannan zama kuwa, mai ƙarfi ne ke rubuta takarda. A ƙara da halin da naira ta shiga: an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, dalar da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Duk garejin da ya sa hannu a kan farashin awa kafin wannan guguwa, ba tare da sharaɗin sabuntawa ba, yana yi wa kamfani aiki ne da asara.

Ban ce kamfanoni ba su da hujja ba. Wanda ya ga yadda ake labta wa a-daidaita-sahu buhuna ranar Lahadi a hanyar kasuwar Mai'aduwa, ko ya san irin man da ake saye a galan a bakin titi, zai gane dalilin da ya sa suke tsananta bincike. Akwai kuma garejin da zai rubuta aikin da bai yi ba. Amma maganin wannan bincike ne da hukunci, ba a matse ladan kowa da kowa ba. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski, kuma kamfanin da ya karɓi kuɗin garanti ya riga ya ci ladan.

A ganina, masu ƙarfin faɗa a ji a nan su ne manyan masu saye. Idan gwamnatin Jihar Katsina za ta sayi motoci ko taraktoci da yawa a lokaci guda, tana da bakin da za ta ce sai an rubuta a cikin kwangila cewa kamfani zai amince da wani gareji a Daura, ya horar da yaransa, ya biya shi a kan farashin da yake cajin jama'a, a kuma sake duba farashin duk wata shida. Dila shi kaɗai ba zai iya ciwo wannan ba, amma mai sayen mota hamsin zai iya.

Su ma kanikawanmu akwai aiki a gabansu, kuma mai wuya ne, domin ya shafi al'ada. Cinikinmu na baki ne: "Oga, ba da abin da ya sawwaƙa." Wanda ba ya rubuta ranar da mota ta shigo, da aikin da aka yi, da awannin da ya ci, da abin da aka biya, ba shi da takarda 100 da zai ajiye a kan tebur ranar ciniki. Ƙungiyar kanikawa ta NATA za ta iya buga katin aiki iri ɗaya ta raba wa mambobinta, ko a Hausa ne, ko da ajami.

Sai Jami'ar Sufuri ta Tarayya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, waɗanda duka suna nan Daura. Littafin awannin kamfani an auna shi ne a garejin da ke da na'urar ɗaga mota, da wutar da ba ta ɗaukewa, da sabuwar motar da ba ta taɓa shan ƙurar hunturu ba. Ɗaliban injiniya za su iya ɗaukar agogo su zauna a garejin gari na zango guda, su auna ayyuka ashirin da aka fi yi, daga canza birki zuwa sauke giyabos, su fitar da namu littafin. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na tayoyin motar asibiti guda ba, kuma shi ne takardar farko da dila ko gwamnati za ta buƙata ranar da aka zauna da kamfani.