Ba kowane ƙari a hanta ne ciwon daji ba



A ce mahaifinka ya fara ramewa, idanunsa sun yi ruwan ɗorawa, fitsari ya yi duhu, ga ƙaiƙayin jiki da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Aka ɗauki hoton ciki, likita ya ce ya ga ƙari a hanta kusa da hanyar da ruwan maɗaciya ke bi, kuma yana zargin daji ne. Da yawanmu a nan gwiwa ke yin sanyi, sai a kwashe majinyaci a koma gida ana ɗura masa jiƙe-jiƙe. Kada ka yi wannan gaggawar.

Kama da wane ba wane ba ne. Akwai wani dunƙulallen kumburi da ke fitowa a hanta, wanda a hoto yake kama da dajin hanyar maɗaciya sak, alhali babu ƙwayar daji a cikinsa. Tun 1953 likitoci suka fara bayaninsa. Wani yakan biyo bayan shigar ƙwayoyin cuta, wani kuma garkuwar jiki ce ke rikicewa ta far wa hanyar maɗaciyar, kamar a cutar da ake kira IgG4. Tarin fuka da taruwar mugunya a hanta su ma kan yi irin wannan basajar.

Gwajin jini na CA 19-9 ba ya raba gardama shi kaɗai, domin toshewar hanyar maɗaciya kawai na iya ɗaga shi. Abin da ya fi warware zance shi ne a ciro ɗan tsokar wurin a duba a ɗakin gwaji. Wani lokaci ma sai bayan tiyata ake ganewa.

Bambancin babba ne. Nau'in IgG4 yakan ji maganin prednisolone, wani kumburin kuma ya sace da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sai dai ka sani, irin wannan kumburi bai cika faruwa ba, daji ya fi shi yawa. Don haka kada ka sayo maganin a kemis, ɓata lokaci ne, kuma yana iya rikita bincike.

Ka nemi a tura ku wurin ƙwararren likitan hanta a asibitin koyarwa, ka tambaye shi: an tabbatar ne, ko zargi ake yi?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mako mai zuwa.