Jinin da ya dawo bayan daukewar al'ada



A Gezawa, ko Jogana, ko Tsamiya Babba, idan dattijuwar da al'ada ta dauke mata shekara da shekaru ta sake ganin jini, sau da yawa shiru take yi. Ta ce sanyi ne, ta sha jike-jike, tana kunyar ko 'yarta ta ji. Alhali a wurin likitoci wannan jinin shi ne babbar alamar farko ta sankarar mahaifa, kuma idan an gano ta kafin ta yadu, yawanci tiyatar cire mahaifar na raba mace da cutar.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne maganar nan ta cewa wai daji ba ya son karfe, ba ya son allura. Da ita ake rike uwa a daki har ciwo ya ci karfinta, sannan a dauko ta zuwa Asibitin Malam Aminu Kano. Idan ta rasu a ce asibiti ne, a manta da watannin da aka bata a gida.

Magani kuwa ya yi nisa. A bangaren sankarar bakin mahaifa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mata kusan 8,000 a Najeriya a 2020, ma'aikaciyar jinya na shafa ruwan khal a bakin mahaifa ta duba. In ta ga wurin da ya fara sauyawa, akwai 'yar na'ura mai batir da ke gasa shi cikin minti daya ko biyu, ba yanka, ba kwanciya, mace ta koma gida ranar. Rigakafin kwayar cutar HPV mai haddasa wannan sankarar kuma ya iso Kano a Oktoban 2023, allura daya, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki suna nan a Turai da Amurka, amma tsadarsu ta fi karfin manomin gero.

Malam maigida, kai ake jira ka ba da izini da kudin mota. Idan mahaifiyarka ko uwargida ta ambaci jini bayan daukewar al'ada, ko bayan saduwa, ko ruwa mai wari da ya ki tsayawa, ka kai ta Babban Asibitin Gezawa cikin makon nan, ku nemi a duba bakin mahaifa, in ya kama a ba ku takardar zuwa Kano.