Da Me Ali Ya Fi Su?

Gardamar Muhammad Ali ba ta mutuwa a tsakaninmu. Mutumin nan ya rasu tun ran 3 ga Yuni, 2016, amma da zarar an yi wani babban dambe a Riyad ko Jidda sai a tono ta, daga majalisun Shara Mansur a nan Makka har cikin zaurukan WhatsApp na 'yan uwa da ke Kano da Maraɗi da Landan. Samari su ce zuzutawar tsofaffi ce kawai. Dattawa su ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Ustazai su ce duk ku yi mana shiru, ai dambe haramun ne. Ni ina da ja da ɓangarorin nan uku, kuma na fi ja da masu yabonsa, domin su ne suka fi cutarsa.

Mu fara da samari. Hujjarsu lissafi ce, kuma lissafin ba ƙarya ba ne. Ali ya yi dambe 61, ya ci 56, an doke shi sau 5. Rocky Marciano ya yi 49 ba a taɓa doke shi ba. Joe Louis ya riƙe kambun ajin masu nauyi daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25. Joe Frazier ya kai Ali ƙasa a turmi na 15 a 1971. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Leon Spinks, wanda dambe bakwai kacal ya yi kafin nan, ya ƙwace masa kambu a 1978. Daga nan sai su kawo Tyson, su ce turmi ɗaya ya ishe shi. Wasu kuma su ce 'yan damben yanzu ƙattai ne, Ali ba zai kai ko'ina da su ba.

To, ku saurara, ƙannena. Ba a auna ɗan dambe da yawan kisa kaɗai, sai an tambayi wa ya kashe. Ko a gida, sunan Shago bai kai inda ya kai ba don bakin Ɗan Anace kawai, sai don mazajen da ya tara da su. George Foreman da Ali ya haɗu da shi a Kinshasa ran 30 ga Oktoba, 1974, yana da shekara 25, ya yi dambe 40 ba faɗuwa, kuma Frazier da Norton, waɗannan dai da suka doke Ali, babu wanda ya wuce turmi na biyu a hannunsa. Ali yana da 32 ya kwantar da shi a turmi na 8. Shi kuwa Tyson, Buster Douglas ya kwantar da shi a Tokyo a 1990, Holyfield ya yi nasara a kansa sau biyu, Lennox Lewis ya ƙarasa. Maganar girman jiki kuma, ai a Riyad ɗin nan Usyk ya doke Fury sau biyu a 2024, alhali Fury ya fi shi tsawo da nauyi nesa ba kusa ba. Kuma Tyson ɗin da kuke tutiya da shi yana cikin waɗanda suka ɗauki gawar Ali a Louisville.

Amma ko da na sallama muku duk wannan, akwai rami a cikin lissafinku. Daga Maris 1967 zuwa Oktoba 1970 Ali bai yi dambe ko ɗaya ba. Shekara uku da rabi, daga yana ɗan 25 zuwa yana dab da 29, wato lokacin da ƙarfin ɗan dambe ke kan ganiyarsa. Ba rauni ya ji ba. Ran 28 ga Afrilu, 1967, a Houston, aka kira shi ya shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya ƙi matsawa gaba. Dalilinsa addininsa, da kuma cewa ba zai je kashe talakawan wata ƙasa ba alhali baƙar fata a garinsu ba shi da cikakken 'yanci. Nan take aka karɓe kambunsa da lasisinsa. A watan Yuni aka yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000, aka riƙe fasfonsa. Bai shiga kurkuku a kan wannan ba saboda ya ɗaukaka ƙara, amma bai san yadda za ta ƙare ba sai ran 28 ga Yuni, 1971, da Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke hukuncin, alƙalai 8 ba wanda ya saɓa.

Ku lura fa, ba bakin daga za a kai zakaran duniya ba. Joe Louis a Yaƙin Duniya na Biyu wasannin nishaɗantar da soja ya riƙa yi. Da Ali ya sa kaki ya yi murmushi a gaban 'yan jarida, da kambunsa da kuɗinsa suna nan. Ya san haka, ya ƙi. Mutum ya koma yawon jawabi a jami'o'i don ya ciyar da iyalinsa. A nan girmansa yake. Marciano da Louis da Tyson da Usyk ana lissafa abin da suka ci. Ali ne kaɗai a cikinsu za ka lissafa abin da ya ajiye da hannunsa, yana gani, don wata magana da ya yi imani da ita.

Sai ustazai, Allah ya ƙara ilimi. Maganarku tana da tushe. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a nan Makka a watan Safar 1408, wato Oktoba 1987, ta haramta irin wannan damben, saboda an gina shi a kan cutar da jikin abokin karawa, kuma hani a kan dukan fuska sananne ne a hadisi. Ba ni da bakin ja da wannan. Jikin Ali ma shaida ne. A 1980 Larry Holmes ya yi ta jibgarsa turmi goma har aka tsayar da wasan, a 1984 aka tabbatar masa da ciwon Parkinson yana da shekara 42. Likitoci sun yi saɓani a kan ko dukan ne ya jawo ciwon, amma duk wanda ya ga hannunsa na karkarwa da wutar Olamfik a Atlanta a 1996 ba zai yi sha'awar ɗansa ya bi wannan hanya ba.

Sai dai hukuncin sana'a daban, ƙimar mutum daban. Wasunku sukan ƙara da cewa ai aƙidarsa ma da gyara, kuma haka ne a farkonsa. Ƙungiyar Nation of Islam da ya shiga tana ɗaukar Elijah Muhammad a matsayin manzo, tana kiran farar fata shaiɗanu. Wannan ba Musuluncin da muka sani ba ne. Amma mutumin bai tsaya nan ba. Ya zo Makka a 1972, ya ga farare da baƙaƙe a sahu ɗaya. Bayan rasuwar Elijah a 1975 ya bi ɗansa Warith Deen zuwa tafarkin sunna, a kai ya rayu shekara arba'in, aka yi masa sallar jana'iza a gaban dubban mutane. Mu da muka tarar da kalmar shahada a bakin iyayenmu, ba a taɓa rage mana ko riyal ɗaya a kanta ba, ya kamata mu sassauta murya idan muna auna wanda ya biya miliyoyi kafin ma ya gama fahimtarta.

Yanzu ga iyayena da yayyena masu yabo. Ku yi haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kun mayar da Ali waliyyi, kun share duk wani tabo, har samari suka daina yarda da ku, domin suna da waya a hannu, suna ganin abin da kuka ɓoye.

Lokacin da aka hana Ali dambe, Joe Frazier ya taimaka masa da kuɗi, ya kuma shiga roƙon a maido masa da lasisi. Me Ali ya saka masa da shi? Ya kira shi yaron Turawa, ya kira shi mummuna, jahili. Kafin damben Manila na 1975 ya riƙa kiransa goggon biri, har da ɗauko birin roba yana naushi a gaban 'yan jarida. Frazier ɗan talakawan manoma ne daga kudancin Amurka, ya fi Ali duhun fata, ya fi shi sanin wahala. Wato zagin da bature ya ƙera don baƙar fata, shi Ali ya ɗauka ya jefi ɗan uwansa da shi don a sayi tikiti. Har 'ya'yan Frazier sai da abin ya bi su makaranta. Ali ya nemi afuwa a 2001 ta bakin jarida, Frazier ya ce ai jarida ya ba haƙuri, ba shi ba.

Ga kuma Malcolm X, wanda ya tsaya masa tun kafin ya doke Liston a 1964. Malcolm ya bar ƙungiyar Elijah, ya yi aikin hajji a Afrilun wannan shekara, suka haɗu a Akra ta ƙasar Gana, Ali ya juya masa baya. An kashe Malcolm ran 21 ga Fabrairu, 1965, ba su shirya ba. Gaskiyar da Malcolm ya gani a Makka, sai bayan shekara goma Ali ya rungume ta, kuma da bakinsa ya ce wannan na cikin abubuwan da ya fi nadama. Kar mu manta kuma manyan damben nan biyu da muke alfahari da su, na Kinshasa a inuwar Mobutu aka yi shi, na Manila a inuwar Marcos, duk masu danne jama'arsu. A 1980 ya yarda Shugaba Carter ya aike shi Afirka neman a ƙaurace wa Olamfik ɗin Mosko, Nyerere na Tanzaniya ya ƙi ma ganinsa.

Na kawo waɗannan ne domin waliyyi ba ya kama kowa da laifi. Idan Ali wani halitta ne na daban, to mu ba ruwanmu, sai mu rataye hotonsa a shago mu ci gaba da harkokinmu. Amma idan mutum ne tara bai cika goma ba, mai son kuɗi, mai son yabo, mai baki ba linzami, kuma duk da haka ranar da aka ce ya zaɓa tsakanin cikinsa da imaninsa ya zaɓi imani, to ba mu da mafita. Abin da ya yi ɗan Adam na iya yi.

Ku duba maganar suna kawai. Har gobe a jaridu da talabijin na Larabci "Muhammad Ali Kilai" ake cewa, mu ma mun ɗauka muna maimaitawa. Wannan Kilai ɗin shi ne sunan da ya yar a 1964, ya ce sunan bauta ne. A Fabrairun 1967 Ernie Terrell ya ƙi kiransa Ali, ya yi turmi 15 yana dukansa yana tambayarsa sunansa. Masoyansa ke nan, amma sun kasa ba shi abu ɗaya da ya fi nema a wurin mutane.

Mu fa? Nawa ne cikin 'ya'yanmu a nan suke jin Hausa sarai, amma idan uwa ta yi musu magana a kasuwa sai su amsa da Larabci suna waige-waige, don kar a ce musu Takaruni? Takrur fa sunan tsohuwar daular Musulunci ce a gaɓar kogin Sanagal, bakin mutane ne ya mayar da shi gori. Larabci harshen Alƙur'ani ne, kowa ya koye shi ya ƙware. Amma kunyar harshen uwa wani ciwo ne daban, kuma a gida ake kamuwa da shi. Osama Hawsawi, haifaffen Makka, ya jagoranci ƙungiyar ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018 da sunan kakanninsa, bai rage shi da komai ba.

Laifin Ali a kan Frazier ma muna da namu. Mai takarda ya raina marar takarda. Haifaffen nan ya raina sabon zuwa. Wanda ke gida ya ce wa na nan Tukari, ya ce wa mace 'yar Kano-Jidda, yana yatsina, alhali da kuɗin da ta aiko aka rufa ɗakin da yake kwana. Wajen neman aure ana auna hasken fata kamar ana sayen atamfa. Zagin da wasu suka ƙera mana, mu muke rabawa a tsakaninmu.

Sai babban gwajin, na aljihu. Ba wanda zai kira mu yaƙin Biyetnam. Namu gwajin yana zuwa ne lokacin aikin hajji, sa'ad da tsohuwa daga ƙauye, wadda ta sayar da gona ta zo, ta miƙa maka kuɗin hadaya don kawai ta ji kana Hausa. Yana zuwa wajen canji, wajen haya, wajen saƙon da aka ba ka amana ka kai gida. Mafi yawan mutanenmu na riƙe amana, Allah ya saka musu. Amma duk mun san masu cin kuɗin hadaya, mun san su da suna, muna gaisawa da su, kuma wasunsu sun fi kowa ɗaga murya idan ana yabon Ali. Wanda bai iya haƙura da riyal ɗari biyu na haram ba, me ya haɗa shi da mutumin da ya ajiye kambun duniya?

Saboda haka ku ci gaba da gardamar wa zai doke wa, ba laifi, tana sa shayi daɗi, kuma ba ranar da za a raba ta tunda ba za su taɓa haɗuwa ba. Amma idan ɗanka ya tambaye ka da me Ali ya fi sauran, kar ka tsaya a Kinshasa. Ka ba shi labarin Houston, ka ba shi na Frazier ba tare da ragi ba, ka kira mutumin da sunan da ya zaɓa, kuma ka yi masa bayanin da Hausa. Allah ya jiƙan Muhammad Ali, ya yafe masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ikon barin abin da muke so saboda abin da ya fi shi.